Shin A Gaya Wa Tsoho Ciwonsa, Ko A Ɓoye Masa?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

A wannan mako mun jingine darasin da muka saba kawo muku, saboda wata takarda da ta iso mana daga Argungu. Mai takardar ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce mahaifinsu dattijo ne wanda ya haura shekara 70, masunci ne da ƙuruciyarsa, daga baya ya koma noman shinkafa a fadama, Allah kuma ya yi masa rufin asiri. Shekara biyu ke nan suna lura da shi yana yawan mantuwa. Ya kan sallame sallar La'asar a raka'a biyu, ya kan tambayi abu ɗaya sau biyar kafin a kwashe tuwo, ran nan kuma ya fita kasuwa ya kasa gane hanyar gidan da ya gina da hannunsa, sai wani yaro ya rako shi. Da suka kai shi asibiti a Birnin Kebbi, likita ya duba shi, ya kira 'ya'yan gefe ya shaida musu cewa ciwon ƙwaƙwalwa ne irin na manya, yanzu yake farkonsa, ba shi da maganin da ke warkar da shi, kuma a hankali zai riƙa ƙaruwa. A kan hanyar komawa gida dattijon ya tambaye su, "Me likita ya ce?" Suka ce, "Baba, gajiya ce da hawan jini." Tun daga ranar gidan ya rabu.

Babban wansu ya ce kada wanda ya kuskura ya faɗa masa, domin mutum ne mai zuciya, idan ya ji hankalinsa ne zai gushe baƙin ciki zai kashe shi kafin ciwon, kuma magana za ta fita gari a ce mahaifinsu ya haukace. Ƙanwarsu da ke aure a Birnin Kebbi ta ce a gaya masa, domin akwai kuɗin marayun ƙanensa a hannunsa, akwai gonar fadama da aka jinginar masa ba da takarda ba, akwai kuma basussukan da ba wanda ya san adadinsu sai shi. Mahaifiyarsu kuwa, wadda ita ce ke kwana da shi tana tashi da shi, cewa ta yi ita dai ta gaji da ƙarya, kullum sai ya tambaye ta me ya same shi, kuma ya fara zarginta da ɗauke masa kuɗi. Mai takarda ya rufe da cewa, "Malam, wanne ne daidai a shari'a?"

To, kafin mu amsa, ya kamata mu san abin da ake magana a kansa. Wannan hali shi ne Hausawa ke kira gigin tsufa ko ruɗewa. Alƙur'ani mai girma ya ambace shi a Suratun Nahli aya ta 70, da Suratul Hajji aya ta 5, inda Allah Maɗaukakin Sarki ya ba da labarin cewa cikin mutane akwai wanda ake ja wa kwana har ya kai wani mataki na rayuwa da saninsa zai kuɓuce masa. Ya kuma tabbata a Sahihul Buhari, daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga kaiwa wannan mataki. Ashe ke nan jarrabawa ce daga Allah kamar sauran cututtuka. Ba maita ba ce, ba alhakin wani ba ne, ba kuwa abin kunya ba ne ga zuriya.

Likitoci sun bayyana cewa ba kowane tsoho ke kamuwa da shi ba, ciwo ne da ke cin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Mafi yawansa shi ne irin wanda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya fara bayyanawa a shekarar 1906, ake kuma kiransa da sunansa. Wani kuma toshewar jijiyoyin jini ke kawo shi, musamman ga masu hawan jini da ciwon sukari da waɗanda ɓarin jikinsu ya taɓa shanyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa masu wannan ciwo a duniya sun haura miliyan 55, kuma fiye da rabinsu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Wani bincike da likitoci suka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan mutum 3 cikin kowane tsofaffi 100 da aka duba suna da shi. Akwai kuma mantuwar da ke da magani, kamar wadda ƙarancin wani sinadari a jini, ko ciwon maƙoƙo, ko tsananin damuwa, ko shan wasu ƙwayoyi ke jawowa. Saboda haka wajibi ne a kai tsoho ga likita tukuna. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Sir Yahaya da babban asibitin Gwamnatin Tarayya, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware kusa da Sakkwato. Neman magani sunna ce, ba ya kore tawakkali. Malaminmu Shehu Abdullahin Gwandu, Allah ya jiƙansa, littafi guda ya wallafa, watau Masalihul Insan, a kan amfanin ɗan Adam ta fuskar addininsa da ta jikinsa.

Yanzu sai mu auna maganar kowa da adalci. Babban wa ba mugu ba ne, tausayi ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa, kuma shari'a ta san da tausayi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan ya je gaida mara lafiya ya kan kwantar masa da hankali, ya tuna masa cewa ciwo kankarar zunubi ne. Ba ya daga cikin ladabin Musulunci a tsaya a kan majiyyaci a yanke masa ƙauna. Har dokar lafiya ta ƙasarmu ta 2014, wadda ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majiyyaci halin da yake ciki, ta togace inda akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa sanarwar za ta cuce shi.

Amma fa, 'yan'uwa, akwai tambayar da ya kamata babban wa ya yi wa kansa tsakaninsa da Allah: shin mahaifinsa yake karewa, ko kuwa kansa yake karewa daga nauyin wannan zama? A shekarar 1996 wasu likitoci a birnin Dublin na ƙasar Ailan sun tambayi mutum 100 daga dangin masu wannan ciwo. Mutum 83 suka ce kada a gaya wa majiyyacinsu. Da aka juya tambayar aka ce to idan ku ne fa, sai 71 suka ce su kam a gaya musu. Ku duba wannan al'amari! Mutum yana so wa kansa sani, yana so wa mahaifinsa duhu, alhali kuwa hadisi ingantacce ya rataya cikar imani a kan mutum ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa. Idan ɗan'uwa ya cancanci haka, ina ga uba?

Abin koyi a nan shi ne Sarkin Musulmi Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi. Sa'ad da aka soke shi yana limancin sallar Asuba a ƙarshen shekara ta 23 bayan Hijira, an kawo masa mai magani, ya ba shi madara ya sha, madarar ta fito ta wurin raunin. Mai maganin bai ɓoye masa ba, ya ce masa ya yi wasiyya. Umaru bai yi fushi ba, sai ma ya gaskata shi. Me ya biyo baya? Ya sa ɗansa Abdullahi ya lissafa bashin da ke kansa, aka same shi wajen 86,000, ya faɗi inda za a nemo a biya. Ya aika wa Uwar Muminai A'isha yana neman izinin a binne shi kusa da abokansa biyu. Ya zaɓi mutum 6 waɗanda za su fitar da shugaba a cikinsu. Da an ce masa rauni ne ƙarami zai warke, da duk wannan bai samu ba. Gaskiyar da aka faɗa masa ita ce ta ba shi damar gyara lahirarsa da gyara al'umma.

To, mai gigin tsufa ya fi mai raunin wuƙa bukatar wannan dama, domin shi ba ransa ne zai fara tafiya ba, hankalinsa ne, kuma da hankali ake wasiyya, da shi ake biyan bashi, da shi ake neman gafarar mutane. Hadisin Abdullahi ɗan Umaru da ke cikin Buhari da Muslim ya hori Musulmin da ke da abin yin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ta kasance a rubuce ba. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye saboda bashinsa har sai an biya. Dukiyar maraya kuwa, kowa ya san irin narkon da Suratun Nisa'i ta yi a kanta. Mu nan ƙasar Kabi da Gwandu mun san yadda mu'amalarmu take: jinginar gona da baki, bashin iri da taki da baki, ajiya da baki, shaidu kuwa tsofaffi ne 'yan'uwan juna. Idan hankalin dattijo ya tafi da waɗannan a cikinsa, gobe 'ya'yansa da 'ya'yan ƙanensa ne za su tsaya gaban alƙali suna rantsuwa a kan abin da ba wanda ya sani, zumunci ya lalace, shi kuma a bar shi da nauyi a kabari. Wanda ya ɓoye masa ciwonsa har wannan dama ta wuce, da niyyar tausayi, ya sani ya hana shi abin da ba ya dawowa.

Kada kuma wani ya ce ai tunda ya fara mantuwa maganarsa ba ta da amfani. Imamu Malik, Allah ya jiƙansa, ya bayyana a cikin Muwaɗɗa cewa wasiyyar mai raunin hankali da ta wanda ciwo ke buge shi yana farfaɗowa tana inganta, muddin yana da hankalin da zai san abin da yake wasiyya da shi. Ashe ƙofa a buɗe take yanzu, amma kullum ƙara rufuwa take yi. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka amsarmu ga mai tambaya ita ce, hukuncin yana bin halin majiyyaci ne.

Idan ciwon yana farkonsa, dattijo yana gane magana yana riƙe ta, kuma shi da kansa yana tambaya, to haƙƙinsa ne a gaya masa, ƙaryar da aka yi masa a hanya kuwa a nemi gafarar Allah a gyara ta. Sau da yawa shi ma ya riga ya san wani abu ya canza, yana ɓoyewa ne don kunya, yana kwana da tsoron ko sammu aka yi masa, ko iyalinsa ne suka haɗe masa kai. Sanin cewa ciwo ne mai suna, wanda likitoci suka sani, ya kan sauke masa wannan zargi, ya sauke wa matarsa.

Amma faɗar gaskiya tana da ladabi. Ku tuna da Ummu Sulaim, matar Abu Ɗalha, Allah ya yarda da su. Ɗansu ya rasu mijin ba ya gida. Da ya dawo ya tambayi jikin yaro, ta ba shi amsar da ba ƙarya ba ce, ta nuna yaron ya sami natsuwa, ta bar shi ya ci abinci ya huta, sa'an nan ta kawo masa misalin aro da mai aro ya karɓi abinsa, ta sanar da shi. Annabi ya sa musu albarka. Ta jinkirta, ta zaɓi lokaci, ta zaɓi lafazi, amma ba ta bar shi cikin duhu ba. Haka za ku yi. A zaɓi safiya, lokacin da hankalinsa ya fi zama wuri ɗaya. Kada a tara masa jama'a, mutum biyu sun isa, wanda ya fi yarda da shi cikin 'ya'yansa da amininsa ko limamin unguwa, in da hali a gaban likita. A fara da tambayarsa, "Baba, yaya kake jin mantuwar nan? Kana so mu gaya maka abin da likita ya gani?" Idan ya ce a bar shi, ya miƙa al'amarinsa ga Allah, to a bar shi, domin sani haƙƙinsa ne, ba a ɗora wa mutum haƙƙinsa dole, sai dai a lallashe shi a rubuta amanar mutane, wannan kam ko lafiyayye an umurce shi da ita. Idan ya ce a faɗa masa, a faɗa da kaɗan kaɗan gwargwadon abin da ya tambaya. Kada a ce masa hauka, domin ba ita ba ce. Kada a yanke masa shekaru, domin ajali na Allah ne. A haɗa masa labarin da alkawari: "Baba, muna tare da kai, ba za mu bar ka ba." In kuwa an san shi da tsananin damuwa har ana tsoron ya cuci kansa, a jinkirta, a yi shawara da likita tukuna.

Bayan an gaya masa sai a yi aiki. A kira shaidu adilai biyu, a rubuta abin da ake binsa da abin da yake bi, a fitar da dukiyar marayu a damƙa ga amintacce, a rubuta jinginar gona da iyakokinta. In yana da wasiyya, kada ta wuce sulusi, kuma babu wasiyya ga magaji. Ya zaɓi wakilinsa da bakinsa tun yana iyawa. A ji tsoron Allah kada wani ɗa ya yi amfani da wannan hali ya sa uba ya dangwala hannu a takardar da bai fahimta ba. Wannan cin haram ne ko da alƙali bai gane ba.

Idan kuwa ciwon ya yi nisa, har ba ya riƙe magana, ba ya gane mutanensa, to babu amfanin a riƙa nanata masa sunan ciwo, wannan azabtarwa ce. Tsohuwar da ke tambayar mijinta wanda ya rasu shekara 10 da suka wuce, idan kullum aka ce mata ya mutu, kullum sabon makoki za ta yi. A nan ne ake amfani da irin lafazin Ummu Sulaim, a ce, "Inna, kina kewarsa ko? Mu yi masa addu'a," a ja hankalinta ga wani abu. A wannan mataki an ɗauke masa alƙalami, kamar yadda hadisin Abu Dawuda ya nuna game da wanda hankalinsa ya gushe. Kada a tsananta masa a kan raka'o'in da ya rage ko azumin da ya sha da mantuwa. Albishir kuma, Buhari ya ruwaito daga Abu Musa cewa bawan da ciwo ya hana shi aikin da ya saba, ana rubuta masa ladansa kamar yana lafiya. Zakka dai tana nan a kan dukiyarsa a mazhabarmu ta Malikiyya, waliyyinsa ne zai fitar.

Game da tsoron maganar mutane, mu duba yadda magabata suka yi. Jariru ɗan Hazim babban malamin hadisi ne a Basra, ya rasu a shekara ta 170 bayan Hijira. Da ya ruɗe a ƙarshen rayuwarsa, 'ya'yansa suka lura, suka tsare shi daga masu ɗaukar karatu, ba wanda ya ji hadisi daga gare shi a wannan hali. Malamai suka rubuta wannan a littattafai, darajarsa ba ta ragu ba, ana karanta ruwayarsa har yau. Sun kare mutuncin ubansu, sun kuma kare haƙƙin jama'a, ba su yi musun abin da ya same shi ba. Ku ma ku sanar da waɗanda ya kamata su sani: maƙwabta, domin in sun gan shi ya nufi bakin gulbi su tare shi, abokan cinikinsa, domin kada a ƙulla ciniki da shi, limami, domin in yana shiga gaba a sallah a sauke masa cikin girmamawa. Wanda ba ruwansa kuwa, ba a kai masa sirrin gida.

Daga ƙarshe, kada mu manta da wadda ta fi kowa shan wahala, watau mahaifiyarku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Ya'ya maza su kan yanke shawara a zaure su watse, su bar tsohuwa da wanki da rashin barci da zargi. Wannan ba adalci ba ne. Umurnin da ke Suratul Isra'i aya ta 23 da ta 24, na kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su, da hana ko da nuna ƙosawa, a kan 'ya'ya yake, maza da mata, ba a kan matar uba ko matar ɗa ba; abin da waɗannan suka yi alheri ne da ya kamata a gode musu. A raba kwana, a raba kuɗin magani, wanda ke Legas ko Abuja ya aiko da nasa ya kuma zo da ƙafarsa. A saurari ra'ayin mai jinya kafin a yanke magana. In ta gaji ta yi kuka, kada a ce ba ta da haƙuri, a karɓe ta ta huta. Idan dattijo ya zage ku ko ya ce kun yi masa sata, ku sani ciwo ne ke magana. Ya ɗauke ku kuna tambayarsa abu ɗaya sau goma kuna yara, bai kore ku ba.

Ya ɗan'uwa mai tambaya, ka tara 'yan'uwanka ka karanta musu wannan, ka yi wa babban wanku magana da ladabi, domin niyyarsa kyakkyawa ce. Kada ku bari wata ya kama wata ba ku zauna da mahaifinku ba. Allah shi ne Mafi sani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da Aljanna, ya jiyar da mu daɗin hankalinmu da jinmu da ganinmu muddin muna raye, ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.